Yadda malaman jami'a za su yi aiki da wakilan aji har a ga amfani

Kusan kowane kwas a jami'a yana da ɗalibi ɗaya ko biyu da ake kira wakilan aji. A sassa da yawa aikin wakili bai wuce sanar da 'yan aji cewa an ɗage lacca ba, ko ɗauko makullin zaure, ko tattara takardun jinga ya kai ofis. Wannan aikin ɗan aike ne, kuma asara ce, domin wakili shi ne kunnen sashe a cikin aji. Ta bakinsa ake jin cewa rabin ɗalibai sun daina gane darasi tun mako na huɗu, ko gwaji uku sun faɗo rana ɗaya, ko na layin baya ba sa jin abin da ake faɗa. Malamin da ke tsaye gaban mutum 200 ba zai gano haka da kansa ba. Na layin gaba kullum gyaɗa kai suke yi.

Matakan da ke tafe duk abu ɗaya suke yi wa hidima: maganar da wakili ya kawo ta samu amsa, amsar kuma ta koma wa waɗanda suka aiko shi. Inda ake haka, ɗalibai suna ci gaba da magana. Inda ba a yi, zango ɗaya ya isa su yi gum, wakilci ya zama suna kawai a allon sanarwa.

Kafin zaɓe, a rubuta aikin

Shafi ɗaya ya isa. A rubuta abin da wakili zai yi: ya tattara ra'ayin 'yan aji kan koyarwa, jadawali, jarrabawa, kayan karatu da ɗakunan gwaje-gwaje, ya kawo wa sashe, ya halarci taro, ya mayar wa aji da abin da aka yanke. A rubuta lokacin da aikin zai ci, misali taro biyu a zango da kimanin awa ɗaya a mako. Sannan a rubuta abin da ba aikinsa ba ne, wanda shi ya fi muhimmanci: ba ya karɓar kuɗi a madadin kowa, ba ya riƙe maki, ba ya kai rahoton waɗanda ba su zo aji ba, ba ya shiga rigimar ɗalibi guda da malami guda.

A cikin shafin nan a sa sunan ma'aikaci ɗaya da wakilai za su riƙa tuntuɓa. Idan aka ce “ku zo wa sashe da duk abin da ya dame ku”, to ba a ba su kowa ba, domin sashe ba shi da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Bai zama dole ya zama shugaban sashe ba. Ƙaramin malami mai amsa saƙo a kan lokaci ya fi farfesan da ba a samunsa, matuƙar shugaban sashe yana saurarensa.

Idan jami'ar tana da ƙungiyar ɗalibai da ke kula da zaɓen wakilai ko horar da su, a bi ta hannunta. Kada sashe ya kafa nasa tsarin a gefe, a wayi gari aji ɗaya yana da wakilai iri biyu, kowa yana cewa shi ne halastacce.

Zaɓe

A yi shi a mako na biyu ko na uku. Makon farko 'yan aji ba su san juna ba, wanda ya fi surutu shi zai lashe. Idan aka kai mako na shida kuwa, matsalolin farkon zango sun riga sun yi ɓarnarsu.

Malami ya ware minti goma a cikin lacca, ya karanta shafin nan, ya ba da kwana biyu ko uku ga masu sha'awa su ba da suna. Ranar zaɓe kowane ɗan takara ya yi magana ta minti ɗaya. A jefa ƙuri'a a asirce, ko da ƙananan takardu ko ta fom na intanet, a ƙirga a gaban mutane. Ɗaga hannu ya fi sauri, amma yana tilasta wa mutum ya zaɓi abokinsa da ke kallonsa.

Ajin da bai wuce mutum 40 ko 50 ba, wakilai biyu sun isa. Wanda ya fi haka, a ƙara ɗaya ga kowane ƙarin 50 ko makamancin haka. Ko ajin ƙarami ne a guji wakili tilo: yana iya yin rashin lafiya ranar taro, kuma ɗalibi ɗaya a tsakiyar malamai takwas da wuya ya buɗe baki. Inda ajin ya haɗa maza da mata, a yi ƙoƙari wakilai su fito daga ɓangarorin biyu, domin akwai maganar da ɗaliba ba za ta kai wa namiji ba.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne malami ya naɗa da kansa. Yakan nuna ɗalibin da ya fi ƙoƙari, ko wanda ya fi yi masa ladabi. Niyyar mai kyau ce, amma daga ranar 'yan aji suna kallon wannan ɗalibi a matsayin yaron malam, ba za su gaya masa komai mai nauyi ba. Ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari kuma sau da yawa shi ne na ƙarshe da zai lura darasi ya yi tsauri. Idan ba wanda ya fito takara, a sake bayani a lacca ta gaba, a faɗi abin da wakili zai samu, a kawo wakilin bara ya yi magana. In dole sai an roƙi wani, to a gabatar da shi ga aji su amince.

Zaman farko da sababbin wakilai

Cikin mako ɗaya bayan zaɓe a zauna da su na awa ɗaya. Abu biyu ake son su tashi da shi.

Na farko, su san wa ke da iko da me. Ɗalibi yana ganin jami'a dunƙule take, duk wanda ke da ofis zai iya gyara komai. A zana musu a takarda: saurin lacca, misalan da ake bayarwa da lokacin sakin bayanan darasi suna hannun malamin kwas, zai iya canzawa gobe. Rabon ranakun gwaji da miƙa jinga yana hannun sashe. Sauya abin da manhaja ta ƙunsa, ko yadda aka raba maki tsakanin gwaji da jarrabawa, sai ya bi ta kwamitin tsangaya, wani lokaci har majalisar jami'a, kuma galibi sai 'yan shekara mai zuwa za su ci moriyarsa. Gyaran gini, intanet da lokutan buɗe laburare suna hannun wasu ofisoshi dabam. Wakilin da ya san wannan ba zai yi wa 'yan aji alkawarin abin da ba zai yiwu a zangon nan ba.

Na biyu, su iya mayar da gunaguni ya zama magana da za a iya aiki da ita. Hukumar sparqs ta Sikotland, wadda aka kafa a 2003 don ƙarfafa shigar ɗalibai cikin harkar ingancin karatu, tana koya wa wakilai ƙa'idoji huɗu masu sauƙin riƙewa: maganar ta zama daidai kuma da hujja, ta haɗa da abin da ke tafiya da kyau, ta zo da shawarar mafita, kuma ta nufi aiki ba mutum ba. A gwada da su a wurin. A ba su jimla irin wadda suke ji kullum, “kowa yana cewa kwas ɗin nan ba a gane komai”, a ce su gyara ta. Abin da ake nema shi ne irin wannan:

“Mun tambayi aji, mutum 62 suka amsa cikin 90. Mafi yawa sun yaba da misalan da ake yi a allo. Amma 41 sun ce ana wuce lissafin da sauri ba su gama kwafa ba, musamman a laccar mako na huɗu da na biyar. Suna roƙon a saki bayanan darasi kwana ɗaya kafin lacca, ko a ƙara zaman bita ɗaya kafin gwaji.”

Malamin da ya ji ta farko zai hau kare kansa. Wanda ya ji ta biyu ya san abin da zai yi ranar Litinin.

A ba su hanyar jin aji

Wakilin da ba a ba shi hanya ba, ra'ayin abokansa biyar zai kawo, yana ɗauka na aji ne. Ba laifinsa ba ne.

Mako biyu kafin kowane taro, malami ya bar wa wakilai minti biyar na ƙarshen lacca, ya tattara kayansa ya fita. Fitar ita ce sirrin. Idan ya tsaya a bakin ƙofa yana duba waya, babu wanda zai yi magana. Wakilai su raba ƙananan takardu, ko su nuna adireshin fom, da tambayoyi uku kacal: me ya kamata a ci gaba da yi, me ya kamata a daina, me ya kamata a fara. Ba a rubuta suna. Fom mai tambaya ashirin ba a cika shi, wanda aka tura bayan an watse kuma kaɗan ne ke waiwayarsa. A cikin zaure, kowa yana zaune, nan ake samun amsa da yawa.

Zauren WhatsApp na aji na ɗalibai ne, malamai su bar musu abinsu. Idan ana buƙatar wurin sanarwa a buɗe wani dabam. Kuma a ja kunnen wakilai cewa abin da ya fi tashe a zauren hira ba lallai shi ne ya fi damun aji ba. Mutum uku masu saurin rubutu suna iya cika zaure da magana ɗaya.

A riƙa tambayar wakilai, cikin sauƙi ba tuhuma ba, su wa suka ji daga gare su. Akwai waɗanda ba a jin muryarsu sai an neme su: masu haɗa karatu da aiki, masu raino, masu lalurar gani ko ji ko tafiya, waɗanda suka zo daga wata ƙasa, masu maimaita kwas da ba sa cikin zauren hirar ajin. Sauya lacca daga safe zuwa yamma na iya yi wa mafi yawa daɗi, ya hana mutum goma zuwa gaba ɗaya.

Kada komai ya jira taro

Ma'aikacin da aka naɗa ya riƙa ganawa da wakilai minti goma zuwa sha biyar duk bayan mako biyu ko uku, ko a tsaye ne bayan lacca. Ya gaya musu hanyar da za su same shi da kwanakin da zai ɗauka kafin ya amsa, misali kwana uku na aiki, ya kuma cika. Shi ma ya kiyaye lokacinsu: saƙon ƙarfe sha ɗaya na dare cewa a sanar da aji an dawo da lacca bakwai na safe zalunci ne ga wakili, domin shi za a zaga. Sanarwar hukuma ta bi hanyar hukuma.

Duk abin da suka kawo a raba shi uku. Akwai na take, kamar makirfo da ya mutu ko bayanan darasi da ba a saka ba: a gyara a makon, kada ya shiga ajanda. Akwai wanda ke buƙatar shawarar malamai da yawa, kamar cunkoson jinga: wannan na taro ne. Akwai kuma wanda ba na sashe ba ne: a tura shi ofishin da ya dace da sunan sashe, a sa wakili a cikin kwafin saƙon. Kada a ce masa “je ka ofishin gyare-gyare ka faɗa musu”. Takardar shugaban sashe da bakin ɗalibi ba nauyinsu ɗaya ba.

Taron malamai da wakilai

Jami'o'i da yawa suna da kwamitin haɗin gwiwa na malamai da ɗalibai a kowane sashe. Ƙa'idojin tabbatar da ingancin ilimin jami'a na ƙasashen Turai, waɗanda aka amince da su a 2005 aka sabunta a 2015, sun nemi a riƙa sa ɗalibai cikin bitar kwasa-kwasai, kuma hukumomin tantancewa a wurare da dama sukan tambayi shaidar hakan. Illar wannan ita ce wasu sassa suna kiran taro don a samu takardar da za a nuna wa masu tantancewa. Ɗalibai suna gane irin wannan taro tun a minti goma na farko.

Taro biyu a zango ya wadatar. A zango mai mako 12 zuwa 15, na farko ya zo wajen mako na biyar, lokacin da ɗalibai sun ga isasshe kuma akwai sauran damar gyara. Na biyu ya zo mako biyu ko uku kafin jarrabawa. A sa ranakun tun farkon zango, a duba jadawalin wakilai kafin na malamai. Taron da aka sa a lokacin laccarsu, sannan aka rubuta cewa ɗalibai ba su halarta ba, abin kunya ne ga sashe.

A nemi batutuwa daga wakilai kwana goma kafin taro, a tura ajanda da duk wata takarda mako ɗaya kafin ranar. Malamin da batu ya shafi kwas ɗinsa a sanar da shi tun da wuri, don ya zo da tunani ba da fushi ba. Tsarin ajanda yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Abu na farko: me aka yi kan alkawuran taron baya, ɗaya bayan ɗaya. Na biyu: batutuwan ɗalibai. Sanarwar sashe ta zo ƙarshe. Idan aka juya, shugaban sashe zai cinye minti arba'in yana bayani, a bar wa wakilai minti biyar kowa yana duba agogo.

Yawan malamai kada ya rinjayi na ɗalibai sosai. A zauna a cakuɗe, kada malamai su jeru gefe ɗaya kamar kwamitin ladabtarwa. Kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. A guji gajerun sunayen kwamitoci da ofisoshi da malamai kaɗai suka sani. Inda zai yiwu, wakili ya jagoranci taron tare da malami, bayan sun zauna minti sha biyar sun tsara shi. Awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi ta isa.

Wurin da taro ke lalacewa shi ne daƙiƙa goma na farko bayan wakili ya gama magana. A ce wakiliyar 'yan shekara ta biyu ta duba takardarta, muryarta tana ɗan rawa, ta ce an ba su jinga uku da za a miƙa a mako na tara, ga kuma gwaji a ranar Alhamis ta makon. Akwai amsoshi uku da ke zuwa bakin malami da kansu, kuma duk ukun suna kashe magana: “ai mu a zamaninmu mun yi fiye da haka”, “an ba ku jadawali tun farko, ku ne ba ku tsara lokacinku ba”, da “su wane ne ke wannan ƙorafin?” Ta ƙarshen ta fi muni, domin wakiliyar za ta ji ana neman ta tona asirin abokanta, kuma ba za ta sake kawo komai ba.

Abin da ya kamata shugaban taro ya yi shi ne ya maimaita abin da ya ji a taƙaice, ya tambaya ko haka take nufi. Sannan tambayoyin neman bayani: waɗanne kwasa-kwasai ne, mutum nawa abin ya shafa, me ɗalibai suke ganin zai sauƙaƙa. Sai a buɗe jadawalin a wurin. Sau da yawa a nan ne malamai uku suke ganowa, a karon farko, cewa kowannensu ya zaɓi mako na tara bai san na ɗan'uwansa ba. Ɗaya ya matsa da nasa zuwa mako na goma, magana ta ƙare cikin minti biyar. Bayani yana da wurinsa, wani lokaci ma ɗalibai ne ba su da gaskiya, amma bayani bayan an fahimta yake zuwa.

Malamin da yake jin duk wannan raini ne ga matsayinsa, ya tuna cewa a Bolonya ta Italiya, jami'ar da ake danganta kafuwarta da 1088, akwai zamanin da ƙungiyar ɗalibai ce ke juya malamai, tana cin tarar wanda ya makara ko ya tsallake wani sashe na littafi. Wakilan yau neman a matsa da jinga kawai suke yi.

Kada taro ya zama na koke zalla. Sashe ya kawo nasa tambayoyin tun abu yana ɗanye: muna tunanin mayar da gwajin rubutu zuwa aikin rukuni a baɗi, me kuke hangowa? Ga daftarin jadawalin jarrabawa, ina ya matse? Tambaya bayan an riga an yanke hukunci ba shawara ba ce, kuma wakilai suna bambancewa. Haka kuma a tambayi abin da ke tafiya daidai, a isar da shi ga malamin da ya yi. Malaman da suka san ana kawo yabo a taron sun fi zuwa da sakin fuska.

Mayar da amsa

Kafin a tashi, kowane batu ya samu layi ɗaya mai gida huɗu: matsalar, abin da za a yi, sunan wanda zai yi, da rana. Misali: cunkoson jinga a mako na tara ga 'yan shekara ta biyu, a matsa da jinga ɗaya zuwa mako na goma, malamin kwas ɗin, sanarwa kafin Juma'a. Kalmomi irin su “an lura” ko “za a duba” ba sa shiga wannan jadawali, domin ba a iya kama kowa da su. A bayanan taro a rubuta “wakilan shekara ta biyu sun ce”, kada a jingina magana ga ɗalibi guda da sunansa. A tura daftari ga wakilai cikin mako ɗaya su duba ko an rubuta abin da suka faɗa.

Sannan a koma wa aji, kuma malami da wakili su yi tare. Minti uku a farkon lacca: ga abin da kuka ce, ga abin da aka yi, ga wanda ake kan yi da lokacin da za ku ji, ga wanda ba za a yi ba da dalili. A bar wakili ya faɗi waɗanda aka samu nasara, domin da haka 'yan aji suke ganin amfaninsa. Malami ya ɗauki nauyin faɗar waɗanda aka ƙi.

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, har a jami'o'in da tsarin wakilci ya daɗe. A binciken ra'ayin ɗaliban shekarar ƙarshe da ake yi a Birtaniya tun 2005, an ƙara tambayoyi kan muryar ɗalibai a 2017, kuma tambayar ko ɗalibai sun ga yadda aka yi aiki da ra'ayinsu tana cikin waɗanda suka riƙa samun maki mafi ƙaranci. Sau da yawa an yi gyaran, ba a dai faɗa ba. Ɗalibi ya ga an ƙara zaman bita, bai san maganarsa ce ta jawo ba.

“A'a” mai dalili ba ta ɓata komai. “Ba za mu iya rage yawan awannin ɗakin gwaje-gwaje ba, domin hukumar da ke ba ku lasisin aiki ce ta ƙayyade su” amsa ce da ɗalibi zai karɓa ko da bai so ba. Shiru ne ba a yafewa. Kuma kada a yi alkawari don a kwantar da taro. Alkawarin da aka saɓa, wakili ne ke biyan bashinsa a gaban abokansa.

Abubuwan da ba a kawo su taro

Ƙorafi kan halin malami guda ba a tattauna shi a gaban jama'a. Wakili ya kai wa ma'aikacin da aka naɗa ko shugaban sashe a keɓe, shi kuma ya zauna da malamin. Idan ƙorafin ya shafi shi ma'aikacin ne ko shugaban sashe, dole wakilai su san wata ƙofa, kamar shugaban tsangaya ko ƙungiyar ɗalibai, kuma a gaya musu ita tun zaman farko.

Akwai masu nauyi da suka fi ƙarfin wakili: neman lalata ko cin zarafi, neman cin hanci don maki, zargin satar amsa, ɗalibin da ke maganar kashe kansa, ko wanda damuwa ta hana shi fitowa. Ɗalibai sukan kai wa wakili irin waɗannan domin shi suka sani. A ba shi takarda mai ɗauke da ofisoshin da suka dace da lambobinsu: asibitin jami'a, masu ba da shawara, ofishin karɓar ƙorafi, jami'an tsaro. A gaya masa aikinsa ya saurara, ya nuna hanya, ya raka in an buƙata. Kada ya yi bincike, kada ya yi alkawarin rufa asiri inda rai ke cikin haɗari. Bayan irin wannan, a tambaye shi shi ma yaya yake.

Wakili yana faɗar abin da wasu ba sa son ji ga mutanen da ke duba takardarsa. Shugaban sashe ya faɗa a fili, gaban malamai da ɗalibai, cewa babu wanda makinsa zai taɓu saboda wakilci. Inda ake duba jarrabawa da lamba maimakon suna, a tunatar da su. Idan wakili ya ji wani malami ya sa masa ido, ya san zai iya neman wani ya sake duba aikinsa. Kishiyar haka ma haɗari ce: wakilin da ake ganinsa kullum a ofishin malam, ya riga kowa sanin abin da zai fito a gwaji ko sakamako, ya rasa amincin aji, malamin kuma ya jawo wa kansa zargi.

Idan wakilin ne matsalar

Wanda ya ɓace, a neme shi kafin a yanke masa hukunci. Galibi karatu ne ya danne shi, ko ya zo taro ɗaya aka gwale shi. Idan ya rasa taro biyu a jere ba uzuri, kuma ba ya amsa saƙo, a tambaye shi kai tsaye ko yana son sauka, a bar aji su zaɓi wani. Malamai ba sa tsige wakili don ya cika faɗar gaskiya. Masu zaɓe ne ke da wannan iko.

Wanda ya mayar da taro wurin kokensa na kansa, tambaya ɗaya ke dawo da shi hanya: mutum nawa ka ji haka daga gare su? Wanda ya cika zafi kuma, sau da yawa ya kawo magana ɗaya sau uku ba a yi komai ba. A duba jadawalin alkawura kafin a ce ba shi da ladabi.

Ƙarshen shekara

A ba kowane wakili da ya yi aiki takardar shaida mai faɗin abin da ya yi a zahiri: tarukan da ya halarta, ra'ayin mutum nawa ya tattara, sauyin da ya jawo. Irin wannan ta fi amfani wajen neman aiki ko ƙarin karatu fiye da takardar yabo mai kalmomin gama-gari. Wasu jami'o'in suna sa wakilci a cikin takardar bayanin karatun ɗalibi. In akwai wannan dama a yi amfani da ita.

Kafin su tafi hutu, wakilai su rubuta shafi ɗaya ga magadansu: abin da aka gyara, abin da aka ƙi da dalilinsa, abin da ke kan hanya da sunan wanda ke riƙe da shi, da hanyar da ta fi kawo amsa daga aji. Ma'aikacin da aka naɗa ya ajiye wannan shafi tare da jadawalin alkawura a inda magajinsa shi ma zai gani. A zaman farko na sabuwar shekara a miƙa wa sababbin wakilai su karanta, kuma duk batun da ya bayyana shekara biyu a jere ba a warware ba, a ɗauke shi daga kwamitin sashe a kai shi gaban tsangaya.